Likitoci sun ce a yi wa mahaifinmu tiyatar ciwon daji a cikin hanci, shin mu amince?

Ɗan Mabera:

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina neman shawarar likitoci da duk wanda ya taɓa jinyar mai irin wannan lalura, domin al'amarin ya ɗaure mana kai a gida, kuma kan dangi ya rabu biyu.

Mahaifinmu yana da shekara 67, yana sayar da yadi a babbar kasuwar Sakkwato, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin ya kwana a asibiti ba. A hunturun bara ya fara haɓo ta ƙofar hancinsa ta hagu. Muka ɗauka bushewar iska ce irin wadda kowa yake fama da ita a lokacin, Inna ta riƙa shafa masa man kaɗanya a hancin. Hunturu ya wuce, bazara ta shigo, haɓon bai tsaya ba, sai ma wannan ɓangaren ya toshe gaba ɗaya, har ya zamana da baki yake numfashi idan ya kwanta. Ranar da hankalina ya fara tashi ita ce ranar da na shiga gaishe shi bayan sallar asuba, na tarar yana ƙoƙarin juya matashin kansa don kada na ga jinin da ya bushe a kai.

Mun kai shi wani ƙaramin asibitin kuɗi, aka ce tsiro ne irin wanda aka saba gani, aka cire abin da aka iya cirewa aka zubar, ba a kai shi gwaji ba. Bayan wata biyu ya dawo, kuma ya fi na farko girma. Daga nan muka tafi asibitin koyarwa, inda aka zura masa siririyar kyamara a hanci, aka yanki ɗan nama aka kai ɗakin gwaje-gwaje. Sakamako ya fito cewa ciwon daji ne mai suna melanoma. Hotunan siti-sikan da MRI sun nuna cewa ya taso ne daga bangon hanci na gefe, ya shiga kogon ƙashin kumatu, kuma ya matso kusa da ƙashin da ya raba hanci da ido. An duba ƙirji da hanta da wuya, ba a ga komai ba, alhamdu lillahi.

Likitoci sun ce a yi tiyata ba tare da ɓata lokaci ba. Baffanmu, wanda shi ne babba a dangi, ya ce sam bai yarda ba, domin a saninsa duk dajin da ƙarfe ya taɓa yaɗuwa yake yi, kuma ga hujja a gabanmu, tun da cirewar farko ba ta ƙara wa Baba komai ba sai girman ciwo. Ni kuma na karanta cewa melanoma cutar fatar Turawa ce da rana take kawowa, to ta yaya za ta fito a cikin hancin baƙar fata, wurin da rana ba ta shiga? Anya ba kuskure aka yi a gwajin ba? Idan kuma gaskiya ce, me za a yanke, shin zai rasa idonsa, kuma tiyatar tana warkarwa ko wahala kawai za mu ƙara masa?

Likitan Kunne, Hanci da Maƙogwaro:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ce. Ban duba shi ba, ban kuma ga hotunansa ba, saboda haka hukuncin ƙarshe yana hannun likitocin da suke tare da shi, amma zan yi maka bayanin abin da tambayoyinka suka ƙunsa gwargwadon yadda muke fahimtarsa a wannan fanni.

Ƙwayoyin halittar da suke samar da launin fata ba a fata kaɗai suke zaune ba. Akwai su a cikin ido, akwai su kuma a damshin fatar da ta shimfiɗe cikin hanci da baki da wasu kafofin jiki, kuma duk inda suke suna iya rikiɗewa su zama melanoma. Wadda take fitowa a fatar Turawa tana da alaƙa da zafin rana, wannan gaskiya ne, amma ta cikin hanci da baki ba ruwanta da rana, kuma baƙar fata ba ta kare mutum daga ita. Mu a nan, idan muka ga melanoma ta fata, yawanci a tafin ƙafa muke ganinta, wanda shi ma ba wurin da rana take duka ba ne. Irin ta Baba ba ta da yawa ko kaɗan, domin ba ta wuce kusan kashi 1 cikin 100 na duk masu melanoma ba, kuma kimanin rabin wannan ɗan adadi a kai da wuya take fitowa, musamman a cikin hanci da kogunan da suke kewaye da shi, sai kuma ganɗa da dasashin sama. An fi ganinta ga waɗanda suka haura shekara 60. Toshewar hanci ta ɓangare ɗaya tare da haɓo mai maimaituwa ga dattijo, waɗannan su ne alamunta da aka fi sani, kuma da yake kowa yana ɗora laifin a kan hunturu ko mura, da wuya ta zo mana da wuri.

Game da shakkar da kake yi kan gwajin, haƙƙinku ne ku tambaya ko an yi wa naman gwaji na biyu, wato wanda ake rina shi da sinadarai na musamman irin su S-100 da HMB-45 da Melan-A. Dalili kuwa shi ne wasu daga cikin waɗannan ƙulle-ƙullen ba su da baƙin launi sam, jajaye ne kamar tsiron hanci na yau da kullum, kuma a ƙarƙashin madubin likita suna iya kama da wasu cututtukan daji dabam. Idan an yi wannan rini ya tabbatar, to babu sauran kokwanto.

Maganar Baffa kuma ina ganin bai kamata a yi watsi da ita da izgili ba, domin abin da ya gani da idonsa yake faɗa, fassarar ce kawai take buƙatar gyara. Abin da aka yi wa Baba a karon farko ba tiyatar daji ba ce, tsinke kan ciwo aka yi aka bar saiwarsa, kamar wanda ya sare ganyen ciyawa da damina ya bar tushenta a ƙasa. Mutane da yawa kuma ba sa zuwa asibiti sai ciwon ya riga ya yaɗu a ɓoye, idan aka yi aiki ya bayyana bayan 'yan watanni sai a ce wuƙa ce ta watsa shi. Abin da ya fi ba ni takaici a labarinka shi ne zubar da naman da aka yi. Duk abin da aka ciro daga hancin dattijo, musamman idan ɓangare ɗaya ne kuma yana jini, wajibi ne a kai shi gwaji, kuma da an yi haka da kun san sunan cutar tun watannin baya.

Tiyatar gaskiya manufarta ɗaya ce, a fitar da ciwon baki ɗaya tare da zagayen lafiyayyen nama a kowane gefe, ta yadda idan masu gwaji suka duba bakin abin da aka yanko ba za su tarar da ƙwayar cutar ko ɗaya ba. Wannan tsabtar gefe ita ce mafi girman abin da yake hannun likitan fiɗa, kuma aiki na farko da aka tsara shi da kyau shi ne damar da ta fi kowace. Wahalar ita ce wurin ƙunci ne ƙwarai. A fatar baya ko cinya likita yana iya barin tazarar santimita 1 ko 2 a kewayen ciwon, amma a cikin hanci ido yana gefe, ƙwaƙwalwa tana sama, manyan jijiyoyin jini suna baya, kuma wannan cuta tana da halin rarrafe a cikin shimfiɗar hanci nesa da inda ido yake ganinta. Shi ya sa sau da yawa ake kwashe shimfiɗar wannan ɓangaren da faɗi fiye da yadda dangi suke zato.

Hanyoyin shiga biyu ne. Akwai aikin da ake yi ta ƙofar hanci da kyamara da siraran kayan aiki ba tare da an tsaga fuska ba, wanda majiyyaci ya fi saurin farfaɗowa daga shi, kuma ga ciwon da ya dace da shi sakamakonsa bai gaza na buɗewa ba. Akwai kuma wanda ake tsagawa ta gefen hanci, wani lokaci har zuwa leɓen sama, idan ciwon ya ci ƙashin kumatu ko ganɗa ko fatar fuska. Kada ku zaɓi hanya don gudun tabo. Ku tambayi likitan wace hanya ce za ta ba shi damar fitar da ciwon duka da kayan aikin da yake da su da kuma hannun da ya saba, domin tabon gefen hanci yakan ɓace a cikin lanƙwasar fuska bayan 'yan watanni.

Ido kuwa ba a cire shi don kawai ciwon ya matso kusa. Tsakanin hanci da ido akwai siririn ƙashi, bayansa kuma akwai wata fata mai tauri mai kama da jaka da ta lulluɓe kitsen ido da tsokokinsa. Idan ciwon ya tsaya a ƙashin, ko ma ya taɓa jakar bai huda ta ba, akan cire su a bar idon yana gani. Sai idan ya kutsa cikin kitsen da tsokoki sosai ne ake maganar cire ido, kuma wani lokaci ba a tabbatar da haka sai an shiga. Don haka a zauna da Baba tun kafin ranar aiki a ji ra'ayinsa a kan abin da za a yi idan aka tarar da hakan. Wuya kuma, tun da ba a ga kaluluwa ba, yawancin likitoci ba sa buɗe shi idan ciwon na hanci ne, saboda ba kasafai yake sauka can da wuri ba, saɓanin na baki wanda ya fi yawan sauka wuya. Idan har aikin ya kai ga cire wani sashe na fuska, akwai gyara. Mu mutanen Sakkwato mun san Asibitin Noma da aka kafa a 1999, mun ga yaran da ciwo ya cinye musu kumatu da leɓe an sake gina musu fuska. Cutar noma ba daji ba ce, amma dabarar ɗauko fata da tsoka daga wani sashen jiki a toshe gurbi iri ɗaya ce.

Tambayarka ta ƙarshe ita ce mafi nauyi, kuma ba zan ɓoye maka ba. Wannan cuta mai tsanani ce, har ta kai tun 2010 tsarin da ake auna matakan daji da shi a duniya ba ya ba ta mataki na ɗaya ko na biyu, komai ƙanƙantarta daga mataki na uku ake fara lissafa ta. Waɗanda suke kai shekara 5 bayan gano ta ba su cika wuce mutum ɗaya cikin uku ko huɗu ba, kuma abin da ya fi kashewa shi ne ɓullarta daga baya a huhu ko hanta ko ƙashi ko ƙwaƙwalwa. Amma waɗanda suke tsira, kusan dukansu waɗanda aka yi wa tiyata mai tsabtar gefe ne. Wanda kuma ba a ƙaddara masa warkewa ba, cire ciwon yana raba shi da zubar jini da wari da toshewar numfashi da azabar ciwon da yake cin ido da fuska, kuma wanda ya taɓa ganin ƙarshen wanda aka bar wa shi ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Da a ce hotuna sun nuna ya riga ya yaɗu ko ya naɗe babbar jijiyar jini ta wuya, da ni da kaina zan ce a sake tunani kan babban aiki. A yadda ka bayyana, ba haka lamarin Baba yake ba.

'Yar Wurno:

Ɗan'uwa, sannu da jinya, Allah Ya ba ku ladan haƙuri. Na karanta bayanin likita, kuma zan ƙara da abin da na gani a ɗakin mahaifiyata, domin irin wannan cutar ce ta same ta, sai dai nata a ganɗa ya fito.

Ni ce na fara ganin baƙin tabon, wata rana tana hamma, na ce Inna mene ne wannan a saman bakinki, ta ce ai goro ne. Kusan shekara guda muna ce masa goro, har ya kumbura ya fara jini idan ta ci tuwo, haƙoran sama biyu suka fara girgiɗi. Da aka tabbatar da cutar, aka cire mata rabin ganɗa da haƙoran wannan gefen, aka kuma buɗe wuyanta aka kwashe kaluluwa, an kuwa sami cutar a guda biyu daga ciki.

Abin da ba wanda ya shirya ni a kansa shi ne ramin da ya rage tsakanin baki da hanci. Ranar da aka fara ba ta kunu ba tare da marufin ba, ta hanci ya fito, ta dube ni ta kau da kai, ni kuma na fita baranda na yi kuka mai isata. Amma likitocin haƙori sun riga sun auna bakinta tun kafin aikin, sun ƙera mata ganɗar roba da take toshe ramin, daga baya da wurin ya warke aka yi mata wata mai haɗe da haƙora. Idan ta sa, tana cin abinci tana magana, wanda bai sani ba ba zai gane komai ba. Idan ta cire da dare don wankewa, maganarta ta hanci take fita, ba ta kuma son kowa ya shigo sai ni. Babban abin da ya dame ta shi ne karatun Alƙur'ani, domin wasu haruffan sun ƙi fita daidai da farko, amma ta dage har bakin ya saba. Idan akwai yiwuwar a taɓa ganɗar Baba, ku tabbata likitan haƙori ya gan shi kafin ranar tiyata.

An yi mata gashi, wato ƙona ragowar cutar da hasken na'ura, na mako shida bayan aikin. A gaskiya gashin ya fi tiyatar ba ta wahala, saboda bakin ya yi gyambo, miyau ya ƙafe, abinci ya daina yi mata ɗanɗano, muka koma kunun gyaɗa da madara da ƙwai da romo marar yaji. Muƙamuƙinta ma ya so ya ƙage, sai da aka koya mana yadda za ta riƙa motsa shi tana buɗe baki sau da yawa kullum.

Inna ta rayu shekara uku da wata biyar bayan aikin. A cikinsu ta aurar da autarmu, ta ga jikoki uku, kuma bakin bai sake yi mata ciwo ba. A huhu cutar ta dawo, a nan ajali ya same ta, Allah Ya jiƙanta. An sami masu cewa da ba a taɓa ta ba da ta fi haka daɗewa, amma ni da nake wanke mata zanen da take tofa jini a ciki kafin aikin, ban taɓa yin da-na-sanin sa hannun da muka yi ba.

Ɗan Mabera:

Likita, na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Hajiya, Allah Ya jiƙan Inna, Ya sa Aljanna ce makomarta, bayaninki ya shiga jikina. Na duba takardar sakamakon, kuma lallai an yi rinin da likita ya ambata. Sai dai wani ɗan'uwanmu ya kawo shawarar cewa tun da cutar tana iya dawowa ko an yanka, me zai hana a tsaya ga gashi kaɗai, ko a sayar da fili a fita da Baba Masar ko Indiya, inda ya ji ana ba da sababbin allurai masu narkar da melanoma? Sannan har yau ba mu faɗa wa Baba sunan cutar ba, tsiro kawai muke ce masa.

Likitar Sashen Ciwon Daji:

Malam, Allah Ya ƙara sauƙi. Gashi da magunguna su ne aikina, don haka zan amsa wannan ɓangaren.

Melanoma tana cikin cututtukan dajin da ba sa jin gashi sosai, saboda haka ba ma sa shi a madadin tiyata ga ciwon da za a iya cirewa. Amfaninsa yana zuwa ne bayan aikin, inda yake kashe ragowar ƙwayoyin da ido ba ya gani, ya rage yiwuwar ciwon ya sake tsirowa a inda aka cire shi. Ba a tabbatar da cewa yana ƙara tsawon rai ba, domin ba ya hana abin da ya riga ya bi jini, amma hana ciwon dawowa kusa da ido da ƙwaƙwalwa riba ce babba. Yawanci ana so a fara shi cikin kimanin mako shida bayan tiyata, ana yi kwana biyar a mako har kusan sau 30. Shawarata ita ce ku nemi ganin likitan gashi tun yanzu a sa ku a layi, ku kuma tanadi kuɗinsa tare da na tiyata, domin na sha ganin iyalan da suka ƙarar da komai a ɗakin fiɗa, lokacin gashi ya zo hannu babu komai.

Alluran da ɗan'uwanku ya ji labari gaskiya ne akwai su. Suna aiki ne ta hanyar zaburar da garkuwar jiki ta yaƙi cutar da kanta. An amince da ipilimumab a Amurka a 2011, sai nivolumab da pembrolizumab a 2014, kuma sun sauya labarin melanoma ta fata matuƙa. Sai dai ta cikin hanci da baki ba ta amsa su kamar yadda ta fata take yi, masu samun sauƙi da su sun fi ƙaranci, ga tsada mai karya gida, domin ba allura ɗaya ba ce, maimaitawa ake yi duk bayan 'yan makonni har tsawon watanni. Suna kuma iya sa garkuwar ta juya ta kama hanji ko huhu ko hanta. Akwai wasu ƙwayoyin sha da suke aiki idan ciwon yana ɗauke da wani sauyi a ƙwayar gado mai suna BRAF, wanda ake samu a kusan rabin melanoma ta fata, amma a irin ta Baba bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Wasu kaɗan kuma suna da sauyin KIT, wanda maganin imatinib yakan taimaka a kansa. Duk waɗannan an fi ajiye su ne don ciwon da ya yaɗu ko wanda ba ya ciruwa, ko da yake a wasu manyan cibiyoyi ana gwada ba da su kafin tiyata ko bayanta.

Fita waje ba laifi ba ne ga mai hali, amma ku lissafa lokaci. Neman biza da sayar da fili da sake gwaje-gwaje a can suna iya cin wata biyu ko uku, kuma wannan ciwo ya nuna muku abin da yake iya yi a wata biyu. Idan likitocinku sun ce suna da kayan aiki da ƙwarewar fitar da shi, jinkirin ya fi komai haɗari. Abin da zan roƙe ku shi ne ku adana kwafin hotuna da sakamako, ku kuma san inda aka ajiye naman da aka daskarar a cikin kakin gwaji, domin ko bayan shekara ana iya aika shi a binciki waɗancan sauye-sauyen idan buƙata ta taso. Bayan an gama komai, zuwa asibiti duk wata biyu ko uku a shekarun farko ba abin wasa ba ne, a leƙa hancin da kyamara, a taɓa wuya, a riƙa ɗaukar hoton ƙirji lokaci zuwa lokaci.

Batun ɓoye masa kuwa, na fahimci tausayi ne ya sa ku, amma mutumin da ya juya matashinsa don kada ku ga jini ya riga ya san ba ƙaramin abu yake damunsa ba. Jikinsa ne, idonsa ne ake magana a kai, kuma shi ne zai sa hannu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku nemi likitan ya zauna da shi da Inna da Baffa a faɗa masa cikin natsuwa, a bar shi ya yi tambayoyinsa da bakinsa.

Ma'aikaciyar Jinya, Runjin Sambo:

Sannunku da ƙoƙari. Na yi shekaru a ɗakin masu tiyatar hanci da maƙogwaro, ga ɗan abin da yake yawan jawo a ɗage aiki ko a sami matsala bayansa. Ku shirya masu ba da jini tun da wuri, domin wannan ciwo mai jini ne kuma Baba ya daɗe yana zubar da shi. Idan yana da hawan jini ko ciwon suga a daidaita su, idan yana shan asfirin ko wani maganin tsinka jini ku sanar da likita. A daina sa masa duk wani garin magani ko hayaƙi a hanci, kuma a faɗa wa mai ba da maganin barci duk jiƙon da yake sha ba tare da jin kunya ba.

Bayan aiki za a cusa masa auduga a hancin na 'yan kwanaki, zai riƙa numfashi ta baki, kuma hakan yana firgita tsofaffi idan ba a gaya musu tun farko ba. Idan an cire, ɓawon jini da majina za su riƙa taruwa har tsawon watanni, maganinsu kuwa wanke hanci da ruwan gishirin da za a koya muku haɗawa da tafasasshen ruwa, sau da yawa a rana. Kada ya fyace hanci da ƙarfi, kuma ku tambayi likita yaushe zai koma shaƙa ruwa a alwala da yin sujada, musamman idan an yi gyara a rufin hanci kusa da ƙwaƙwalwa, domin a makonnin farko akan ce ya yi salla a zaune. Idan kuka ga ruwa garai-garai yana ɗiga daga hancin idan ya sunkuya, ko zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya, ko idon ya kumbura ganinsa ya ragu, kada ku jira ranar da aka ba ku, ku dawo da shi a daren. Idan ya koma kasuwa kuma, ƙurar Sakkwato ba ta raga wa lafiyayyen hanci ba balle wanda aka yi wa aiki, don haka takunkumi ya zama abokinsa.

Ɗan Mabera:

Allah Ya saka wa kowa da alheri. Ranar Litinin mun koma asibiti da Baba da Inna da Baffa, likitan ya kunna hoton a kwamfuta ya nuna musu inda ciwon ya tsaya da siririn ƙashin da ya rage tsakaninsa da ido. Baffa ya yi tambayarsa ta ƙarfe, aka ba shi amsa irin wadda likita ya bayar a nan, ya yi shiru bai ce ya gamsu ba, amma bai sake hanawa ba. Baba ya saurari sunan cutar har ƙarshe, sannan ya ce tun watan azumi jikinsa ya ba shi. Ya ce a yi iya ƙoƙari a bar masa idon, idan kuma an shiga aka ga babu makawa, ya yafe shi. Shi ya sa hannu da kansa.

An sa aikin ranar Alhamis ta mako mai zuwa, za a fara ta ƙofar hanci da kyamara, a tsaga gefen hancin idan buƙata ta kama. Likitan haƙori ya auna bakinsa jiya ko da za a taɓa ganɗa, mun ga likitar gashi, kuma mu huɗu cikin 'ya'yansa mun ba da jini. An ce sakamakon gefen naman zai ɗauki kamar mako biyu kafin ya fito, idan ya fito zan kawo shi nan domin likita ya taimaka mini da fassararsa. Muna roƙon addu'arku.